Ranar da Obadiah Ya Tsuguna a Palladan

Idan kuka ji ƙanena Obadiah a teburin mai shayi yana cewa ya taɓa yin gudu daga Samaru har unguwar PZ, kada ku ƙaryata shi, amma kada ku tafa masa tukuna. Ku zo wurina, ni Martina, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, in ba ku sauran labarin. Ina wurin, ni ce ma na riƙe masa hula.

Obadiah direba ne a wani ofis nan Samaru. Aikinsa zama, hutunsa zama, tumbi ya yi gaba ya bar shi a baya. Amma baki! In ya buɗe baki babu abin da bai iya ba a duniyar nan. Ciwonsa ɗaya ne, bai taɓa gama abin da ya fara ba. Ya fara gina akurkin kaji ya tsaya a bango uku, kajin suka koma kwana a kan mangwaro. Ya sayo jita wai zai shiga mawaƙan coci, yau da jitar nan muke tokare ƙofar kicin. Sai kuma rijiya. Ya tara mu a tsakar gida ya ce daga bana an daina kiran 'yan garuwa, shi da hannunsa zai haƙa rijiyar da unguwa kaf za ta sha. Ya haƙa iya ƙugu, ya ce ƙasar gidan ba ta da tarbiyya, ya rufe ramin da tsohuwar tabarma ya tafi ofis.

A ramin nan matarsa Ƙauna ta faɗa, tuwo a hannun dama, miyar kuka a hagu.

Ba ta yi ihu ba. Ta fito da kanta, miya har cikin kunne, ta yi wanka, ta ɗaure kayanta a zane, ta goya ɗansu Wisdom.

"Ƙauna, ina za ki?" in ji Obadiah.

"Palladan. Gidan ubana."

"A kan ɗan ramin nan?"

"A kan ramin, da akurkin, da jitar. Baban Wisdom, na gaji da zama cikin rabin abu. Ran da ka fara abu ɗaya, ɗaya tak, ka kai shi ƙarshe na gani da idona, ka zo ka ɗauke ni. Kafin nan ko fasto ka turo, ruwa kawai zan ba shi ya sha."

Ta fita. Wallahi gidan nan ya yi mini faɗi, don ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta. Na ɗauko shebur na miƙa wa ƙanena, na ce ya cike ramin yanzun nan, gobe mu je biko.

Ya dubi shebur ɗin ya yi tsaki. "Yaya, cike rami? Ni? Wannan ai aikin yara ne. Mace irin Ƙauna sai da babban abu."

Babban abun kuwa ya zo ran Lahadi. Ana cikin sujada mai sanarwa ya ce matasan coci-cocin Samaru da Sabon Gari sun shirya gasar gudun fanfalaki Asabar ɗin bayan Ista, daga kasuwar Samaru har PZ, kuma kowa na iya shiga. Kafin bawan Allah ya zauna, Obadiah ya miƙe ya ɗaga hannu sama.

"A rubuta ni! A kuma gaya wa yaran nan su yi ta neman na biyu, na ɗaya ya samu mai shi. Ni a firamare barewa ake ce mini."

Na ja rigarsa na ce, "Zauna, don Allah. Gudu ɗaya na san ka yi a firamare, ran da masu allura suka zo."

Washegari ya tafi kasuwar Sabon Gari wurin Ogbonna mai gwanjo, ya dawo da gajeren wando ruwan ɗorawa da wani kambas fari mai ƙaton gindi. Wai Ogbonna ya ce masa, "Oga, wannan takalmi shi da kansa yana gudu, kai dai ka bi shi a baya."

Da safe ya fito atisaye. To ku kun san Samaru, babba mai iyali ba ya gudu haka kawai, sai in wani abu ya biyo shi. Janet mai ƙosai tana bakin layi ta hango Obadiah ya taho a guje, ido waje, tumbi na rawa.

"Baban Wisdom, lafiya?"

Ina numfashin amsawa? Sai kawai ya yarfa hannu baya, nufinsa daga gida yake. Janet ta dubi bayan, ta dubi fuskarsa, ta sure kaskonta da man a ciki ta runtuma. Mai shayi ya ga Janet, ya bar tukunya a wuta. Masu shaguna suka fara jan ƙofofi garam-garam. Ɗaliban jami'a suka watso daga ɗakin cin abinci da cokula a hannu. Kafin ka ce me, rabin kasuwa na gudu, wani na cewa shanu ne suka ɓalle, wani na cewa mahaukacin kare ne, wata kuma ta rantse ta ga hayaƙi.

Shi kuma gogan, da ya ga jama'a na wuce shi ta ko'ina suna salati da kiran Yesu, sai shi ma ya ƙara gudu. Ya cafko wani tela ya ce, "Malam, me ya biyo mu?"

"Ina na sani? Wani ƙato mai wando ruwan ɗorawa ne ya gani!"

Obadiah bai tsaya duba wandonsa ba. Ya juya ya yi gida, ya faɗa ramin rijiyarsa, ya jawo tabarma ya rufe kansa. A nan mai unguwa ya same shi bayan an bi sawun maganar tun daga kasuwa har ƙofarmu.

Da aka watse, ya fito yana kaɗe ƙasa ya ce, "Yaya, kin ga yadda na ja gari guda a bayana?"

"Na gani. Na kuma ga Janet ta wuce ka da kasko a ka."

Mai unguwa ya kafa masa doka, ba zai ƙara gudu a cikin unguwa ba sai da mai shela. Aka ɗauko abokinsa Sati ɗan acaɓa. Kullum da safe Sati na gaba a kan babur yana ta hon yana cewa, "Jama'a ba komai! Motsa jiki ne! Kowa ya ci gaba da harkarsa!" Obadiah na biye yana haki. Da tsokanar yara ta ishe su suka koma hanyar Shika. A can wani bijimi ya ga wandon nan bai yi masa ba, ya bi shi har cikin gonar rake. Sati ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutum ya wuce babur da ƙafa ba sai ranar.

Gaskiya dai ba zan ci amanarsa ba, ya ɗan yi ƙoƙari. Tumbin ya fara saki, hakin ya ragu, har yana iya kaiwa ƙofar jami'a bai tsaya ya riƙe bango ba. Na fara cewa a raina ko dai wannan karon da gaske ne. Sai bakin ya sake jawo mana.

Ya bi dangin Ƙauna gida-gida yana gayyata. Wanda ke da wayar salula ya kira shi, wanda ba shi da ita ya aika masa direban mota har ƙauyensu can wajen Giwa. Kowa ya zo Palladan ran Asabar ya ga surukinsu zai wuce kamar iska.

Ana jibi gasa, Sati na shan kunu a tsakar gidanmu, sai ya ajiye kofi.

"Obadiah, ta ina aka ce za a bi?"

"Titi ɗaya ne ai. Samaru, Palladan, Kwangila, PZ."

"Gidan Baba Yunana fa a ina yake?"



Baba Yunana shi ne mahaifin Ƙauna, tsohon mai bishara, gidansa a bakin titin Palladan, kujerarsa kullum a ƙofar gida. Mutum ne mai sanyin hali, amma a kan gaisuwa ba ya wasa. Ya taɓa korar mai neman ƙanwar Ƙauna don kawai ya gaishe shi a tsaye. A gidan nan suruki tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya zo ya tsuguna, kai a sunkuye, ya gaida kowane babba ɗaya bayan ɗaya.

"Za ka wuce surukinka a guje," in ji Sati, "da cinya a waje, ko sannu babu, ga matarka na yaji a gidan? Ai ko ka zo na ɗaya ka rasa mata."

Na ce, "Ka je gobe ka roƙi Baba izini, ka ce ranar a yafe maka gaisuwa. Shi ke nan."

"Haba Yaya! In nuna masa ban iya haɗa gudu da ladabi ba? Ku saurara ku ji dabara." Ya miƙe yana zana ƙasa da yatsa. Sati zai jira shi a gindin wata bishiya kafin gidan, da babbar rigar aurensa da hula. Zai zura riga, ya tuɓe kambas, ya yi gaisuwa shaf-shaf, ya cire riga, ya kamo yaran kafin Kwangila. "Tazarar da zan ba su ma, har ruwa zan iya tsayawa in sha."

Ran Asabar rana ta fito da zafinta tun da wuri. Na riga su zuwa Palladan. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Baba Yunana a kujerarsa, kawunai da baffanni sun cika benci biyu, gwaggonni a gefe, Mama Doguwa mahaifiyar Ƙauna na ta kai da kawo da kunu. Ƙauna na tsaye a bakin zaure, ta harɗe hannu, ko kallon titi ba ta yi.

Masu gudu suka fara wucewa. Ɗalibai suka wuce. 'Yan ƙwallo suka wuce. 'Yan mata suka wuce. Sista Clementina, nas ɗin da ta kusa ritaya, ta wuce tana ɗaga mana hannu. Wani mai sayar da rake da ya bi su don ciniki ma ya wuce da baronsa. Daga baya Sati ya ba ni labari, wai da aka busa usur Obadiah ya fita kamar an harbo shi, ya yi wa kowa fintinkau har zuwa gidan mai na farko, daga nan kuma iska ta ƙare.

Can sai ga abu ya taho fari fat, yana tangaɗi. Babbar rigar ta sha sitati, ta haɗu da gumi ta manne masa a jiki, hula ta karkace. Ya tuɓe kambas tun daga bakin kwalbati, ya tako a hankali, ya zube tsugune gaban Baba Yunana.

"Ba... Baba... ina kwana."

"Lafiya lau, Obadiah. Ina gajiya?"

"Ba... ba gajiya, Baba." Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Madalla. Yaya aiki? Yaya mutanen Samaru? Yaya zafin nan?"

Baba bai iya gaisuwar sauri ba. Da ya gama, Obadiah ya ja jiki a tsugune zuwa gaban babban kawu. Daga kawu zuwa baffa. Daga baffa zuwa wani tsoho da ba wanda ya san dangantakarsa amma ya zo tun daga Giwa, ba a tsallake shi. Aka gangaro kan gwaggonni, kowacce da tambayarta. Har ya kai kan Mama Doguwa.

"To, Allah ya yi albarka," in ji Baba. "Tashi ka je, ɗana, abokan gudunka sun yi nisa."

Obadiah ya yunƙura. Shiru. Ya sake yunƙurawa, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ko motsi. Mutumin da ya sha wannan gudu cikin rana, ya zo ya naɗe ƙafa ya tsuguna tsawon gaisuwar dangi guda, ai dole. Ƙafafun sun sage, cinya da ƙwauri sun ɗaure tamau.

Mai hankali sai ya ce a taimaka masa. Ƙanena kuwa sai ya ja jiki ya koma gaban Baba.

"Baba, ina kwana."

Baba ya ɗan dube shi. "Lafiya lau. Ai mun gaisa."

"Ta ɗazu ta hanya ce, Baba. Wannan ce ta gida. Yaya awaki?"

"Suna lafiya."

"Jar akuyar nan fa, ta haihu?"

"Mun yanka ta tun Kirsimeti."

"Allah sarki. Allah ya ba da haƙuri. Yaya kaji? Yaya zabi? Yaya rumbu?"

Tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Babban kawu ya ce, "Kun gani? Yaran yanzu sai su gaishe ka suna duba agogo. Wannan ga gasa na jiransa, amma ya ce manya tukuna." Wata gwaggo har da share ƙwalla da bakin zane. Jin haka sai kan Obadiah ya ƙara kumbura, ya zagaya benci na biyu a karo na biyu, yana tafiya a tsugune kamar agwagwa, yana tambayar lafiyar mutanen da aka binne tun ina budurwa.

"Ya isa haka, ɗana. Tashi."

"Baba, ni ba na tashi kafin manya."

"To, mu tashi masa," in ji Baba. Tsofaffi suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ana dafa sanda ana nishi. Suka tsaya cirko-cirko suna kallonsa. Masu wucewa suka fara tsayawa, 'yan acaɓa suka kashe babura, masu shagunan tsallaken titi suka fito.

"Mun tashi, Obadiah."

"Baba... ina ɗan yin addu'a ne."

Nan Ƙauna ta sauke hannunta daga ƙirji. Ta tako har gabansa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, ba ladabi ba ne, ba addu'a ba ce. Ƙafarsa ce ta sage. Ya kasa tashi."

"Wa? Ni? Ƙauna, ni da bijimi ma..."

"To tashi."

Ya yi wani yunƙuri da dukan ƙarfinsa, ya ƙwalla ƙara, "Wayyo Yaya!" ya mirgina gefe yadda yake a naɗe, gwiwa a ƙirji. Babbar riga ta yaye, wando ruwan ɗorawa ya bayyana gaban surukai maza da mata. Gwaggonni suka rufe ido da gyale suna leƙe ta ƙasa. Hula ta gangara titi, ni na bi ta na tsinto. Sati da wani ƙato suka kama shi ta hamata suka ɗaga, ya taso sama a tsugunensa kamar an ɗauko tulu. Dariyar da aka yi a Palladan ranar, har Baba Yunana sai da ya koma kujera ya riƙe ciki. Ni kuwa kunya kamar in nutse.

Aka kawo ruwan zafi da man zafi, na yi ta gasa masa ƙafa ina zaginsa ƙasa-ƙasa. Da ƙyar suka miƙe, su ma ba duka ba. Ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga kambas.

Baba ya share hawayen dariya ya ce, "Ƙauna, yaron nan ya sha wuya. Ki yi haƙuri ki bi shi ku koma."

"Baba, ka yi mini aikin gafara. Na ce sai ya kai abu ƙarshe. Nan Palladan ne, rabin hanya. Rabin abu kuwa na bar shi da yawa a Samaru."

Sati ya matso ya raɗa masa, amma duk mun ji, "Hau babur in sauke ka bayan Kwangila, wa zai sani?"

Obadiah ya dubi babur. Ya dubi Ƙauna. Na jira in ji wace ƙaryar zai shirga. Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa ganin ya rasa abin cewa ba sai ranar, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ya ce, "Baba, ko za a ara mini silifas?"

Baba ya tuɓe na ƙafarsa ya tura masa.

Haka muka kama hanya. Obadiah a gaba, a ranƙwafe, da babbar riga da silifas ɗin surukinsa, yana jan ƙafa. Ƙauna ta miƙa wa Mama Doguwa Wisdom, ta ɗauko lema ta biyo baya, ba don ta yi masa inuwa ba, kanta ta rufe. Ni ina bayanta da hula. Sati na gefe a kan babur, ya saba, sai hon yake yana cewa, "Jama'a ba komai! Motsa jiki ne!" A Kwangila muka haɗu da Sista Clementina a motar haya, har ta je ta karɓo kyautarta tana komawa gida. Ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu barewa!" Bai ɗaga kai ba. Ya zauna a bakin kwalbati ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya bai ƙara kallon babur ba.

Rana ta karkata sosai kafin mu shiga PZ. An kwashe rumfuna, an kwashe kujeru, an share layin farar ƙasar da aka ja a titi. 'Yan kasuwa na ta cinikinsu kamar ba a yi komai ba. Obadiah ya tsaya tsakiyar jama'a yana waige-waige.

"Ina ƙarshen yake?" Muryarsa ta dushe. "Yaya, sun tafi da ƙarshen."

Na ɗauka zai fashe da kuka. Ƙauna ta naɗe lemarta, ta wuce gabansa kaɗan, ta sa tsinin lemar ta ja layi a ƙasa gaban wani shagon fanka.

"Ga shi nan. Tsallako."

Ya ɗaga ƙafar dama da hannu biyu ya ajiye ta a ƙetare. Ya ɗauko ta hagu ita ma. Ya tsaya yana haki. Mai shagon fanka bai san me ake yi ba, amma ya tafa.

Ƙauna ba ta ce masa sannu ba. Ta juya ta tsayar da motar haya. Kwandasta ya ce, "Madam, Palladan ko Samaru?"

"Ka tsaya Palladan in ɗauko yaro. Samaru za mu sauka, mu uku."

Muna zama a mota, ƙafa ba ta gama hucewa ba, bakin ya dawo. "Yaya, kin lura kuwa? A cikin masu babbar riga ni na zo na ɗaya."

Ƙauna ta karɓi hular daga hannuna ta kifa masa a ka, ta danna har kan hanci.

"Ka adana numfashinka, Baban Wisdom. Saura rijiya."